Wane Suna Ne Na Farko? Darasi a Kan Juyayyiyar Tambaya a Intanet

GABATARWA

A duk lokacin da ɗalibi ya rubuta sunan wani shafi a wayarsa ko a kwamfutar makaranta, kafin shafin ya bayyana akwai wata tambaya da na'urar take aikawa ba da saninsa ba. Tambayar ita ce: wace lamba ce ke ɗauke da wannan suna? Dalili kuwa shi ne na'urori da lamba suke gane junansu, suna kuwa don sauƙaƙa wa ɗan Adam aka ƙirƙiro shi. Tsarin da ke amsa wannan tambaya shi ake kira Tsarin Sunayen Yanki, wanda aka fi sani da gajeren sunansa, wato DNS. Akwai kuma wata tambayar da take kishiyar wannan, wadda ba kowa ya san da ita ba, wato a ba da lamba a nemi sunan mai ita. Ita ce za a riƙa kira juyayyiyar tambaya a cikin wannan darasi.

Abin da darasin zai fi mai da hankali a kai shi ne wannan: idan lamba ɗaya tana da suna fiye da ɗaya, wanne ne zai zo a farkon amsa, kuma shin zuwansa a farko yana da wata ma'ana? Tambayar kamar ƙarama ce, amma a kanta ne saƙon wata makaranta yakan isa inda aka tura shi ko kuwa a mayar da shi. Har ila yau, tana koyar da abin da kowane ɗalibin kimiyya yake buƙatar sani, wato bambancin da ke tsakanin abubuwan da aka jera da abubuwan da aka tara.

ASALIN TSARIN

A shekarun 1970, lokacin da cibiyar sadarwa ta ARPANET a Amurka ba ta wuce 'yan ɗaruruwan na'urori ba, sunayensu duka da lambobinsu suna cikin takarda guda ɗaya mai suna HOSTS.TXT. Wasu ma'aikata ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler, a cibiyar bincike ta SRI da ke jihar Kalifoniya, su ke kula da takardar, kowace na'ura kuwa takan kwafo ta lokaci-lokaci. A wancan zamani juyayyiyar tambaya ba ta da wata wahala. Sai a bi takardar layi-layi har a iske lambar, a karanta sunan da ke gefenta. Da na'urori suka yawaita, sai takarda ɗaya ta kasa ɗaukar aikin. A shekarar 1983 Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fito da tsarin DNS, sa'an nan a watan Nuwamba na 1987 aka buga ƙa'idojinsa a takardu biyu, RFC 1034 da RFC 1035, waɗanda har yau su ne tushen tsarin.

Hikimar DNS ita ce rabon aiki, irin wanda aka saba gani a sarautar ƙasar Hausa. Sarki bai san sunan kowane magidanci ba, amma ya san hakiminsa, hakimi ya san dagaci, dagaci ya san mai unguwa, mai unguwa kuwa ya san gida-gida. A ɗauki sunan shafin Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta yake kusa da Rijiyar Zaki a kan hanyar Gwarzo, wato buk.edu.ng. A ƙololuwar tsarin akwai na'urorin tushe masu sunaye 13, waɗanda suka san mai riƙe da yankin ng. An ba Nijeriya wannan yanki a 1995, kuma hukumar NiRA da aka kafa a 2005 ita ke kula da shi. Daga nan sai edu.ng na manyan makarantu, sa'an nan buk.edu.ng, wanda alhakinsa yake wuyan jami'ar. Wayar ɗalibi ba ta bin waɗannan matakai da kanta. Akwai wata na'ura ta kamfanin sadarwa da ke yi mata wannan yawo, ta dawo mata da amsa. Ita za a kira 'yar aike. Na'urar da ke riƙe da ainihin rajistar wani yanki kuwa za a kira ta magatakarda.

YADDA AKE JUYA TAMBAYA

Adireshin na'ura a tsarin IPv4 lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Idan aka ninka 256 da kanta sau huɗu za a sami 4,294,967,296, wato yawan adireshin da tsarin zai iya bayarwa ke nan. To, rajistar DNS bisa suna aka tsara ta, kamar ƙamus. Wanda ya san kalma nan da nan zai sami ma'anarta, amma wanda ma'ana kawai ya riƙe sai ya karance ƙamus ɗin duka kafin ya sami kalmar. Da farko an tanadi wata tambaya ta musamman mai suna IQUERY don wannan aiki, amma ba ta yi amfani ba, domin mai tambaya bai san wane magatakarda zai dosa ba. A 2002 aka soke ta gaba ɗaya.

Dabarar da ta ɗore ita ce a mayar da lambar kanta suna. Aka keɓe wani yanki mai suna in-addr.arpa, aka ce duk mai neman sunan wata lamba ya juya lambobin huɗu, na ƙarshe ya koma farko, ya liƙa musu wannan yanki a baya. Alal misali, 8.8.4.4 ɗaya ne daga adireshin 'yar aiken kamfanin Google. Idan aka juya shi zai zama 4.4.8.8.in-addr.arpa, amsar da ke dawowa kuwa ita ce dns.google. Haka nan 1.1.1.1 na kamfanin Cloudflare, amsarsa ita ce one.one.one.one. Irin wannan bayani da ke nuna suna daga lamba shi ake kira PTR, wanda ke nuna lamba daga suna kuwa shi ne bayanin A.

Me ya sa sai an juya? Suna a intanet daga ƙarami yake farawa zuwa babba, kamar adireshin bayan wasiƙa: gida, unguwa, gari, jiha. Lamba kuwa daga babba take farawa zuwa ƙarami, kamar yadda ake rarraba halittu a darasin ilmin halittu, daga babban rukuni har zuwa jinsi. Sai an juya lamba sa'an nan babban kasonta zai koma dama, inda tsarin yake fara karatu. Da haka ake iya damƙa kowane kaso ga mai shi. Hukumomi biyar ne ke rabon lambobi a duniya. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a ƙasar Morishiyas, wadda aka amince da ita a 2005, kuma daga cikin manyan kasonta akwai adireshin da suka fara da 41 da 102 da 105 da 197. Ita take ba kamfanonin sadarwa na Nijeriya da Nijar nasu rabon, su kuma su ba abokan cinikinsu. A sabon tsarin IPv6 ma haka abin yake, sai dai yankin ip6.arpa ake amfani da shi, kuma alamomi 32 ake juyawa ɗaya bayan ɗaya.

A nan akwai abin lura ƙwarai. Rajista biyu ce daban-daban. Mai suna shi ke rubuta bayanin A, mai lamba kuma shi ke rubuta bayanin PTR, sau da yawa kuwa mutane biyu ne da ba su ma san juna ba. Babu wata na'ura da ke tilasta wa rajistocin biyu su dace da juna.

LAMBA ƊAYA, SUNAYE DA YAWA

Abu guda mai suna fiye da ɗaya ba baƙon al'amari ba ne ga ɗalibin ilmin halittu. Gawon da ke tsaye a gonakin Rijiyar Zaki da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Ungogo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina ya yi kore da rani, masanin tsirrai Delile ya raɗa masa Acacia albida a 1813. A 1934 kuma Chevalier ya mayar da shi Faidherbia albida. Gero ma haka ne. Tsofaffin littattafai suna kiransa Pennisetum typhoides, na baya suka ce Pennisetum glaucum, tun daga 2010 kuma masana da yawa suna rubuta Cenchrus americanus. Amma masana tsirrai suna da dokar fifiko. Idan sunaye biyu suka yi karo, wanda aka riga bugawa bisa ƙa'ida shi ke gaba, ana kuma fara lissafi ne daga littafin Linnaeus na 1753. Saboda haka idan aka jera sunayen wani tsiro, an san karɓaɓɓe, an san sauran.

Ko DNS yana da irin wannan doka? Kafin a amsa, a ƙaddara wata makarantar sakandare a Rijiyar Zaki tana da na'ura guda ɗaya mai lamba 192.0.2.25, wadda ke yin ayyuka uku: tana ɗauke da shafin makaranta, tana aika wasiƙun imel, tana kuma riƙe da jerin littattafan laburare. Wannan lamba da sunayen da za su biyo baya an keɓe su ne don misali a littattafai, ba na kowa ba ne. Mai kula da na'urar ya nemi kamfanin sadarwa ya rubuta masa bayanan PTR guda uku:

shafi.makaranta.example
wasiku.makaranta.example
laburare.makaranta.example

Yin haka bai saɓa wa ƙa'ida ba. An daɗe ana zaton wai bayanin PTR ɗaya tak aka yarda kowace lamba ta samu, sai takardar RFC 2181, wadda Robert Elz da Randy Bush suka rubuta a watan Yuli na 1997, ta bayyana cewa wannan zato kuskure ne. Takardar ta kuma ce duk bayanan da suka yi tarayya a suna da iri a haɗe suke, idan an tambayi ɗaya sai a kawo su duka, kuma wa'adin ajiyarsu dole ya zama ɗaya.

DAMI NE, BA JERI BA

Irin wannan haɗakar bayanai ba ta da kwatanci da ya fi damin gero. Dami yana da adadin zangarniya, ana ɗaukarsa gaba ɗaya, ana ajiye shi a rumbu gaba ɗaya, amma ba wanda zai nuna wata zangarniya ya ce ita ce ta farko. Tun a 1987 takardar RFC 1034 ta faɗi a fili cewa yadda bayanai suka jeru a cikin dami ba shi da wata ma'ana, kuma ba a ɗora wa magatakarda ko 'yar aike ko wani sashe na tsarin nauyin kiyaye wannan jeri ba. Amsar tambayar da aka yi a sama ke nan: DNS ba shi da dokar fifiko tsakanin bayanan PTR. Wanda aka fara rubutawa bai fi na ƙarshe ba, wanda ya zo a saman amsa kuma bai fi na ƙasa ba.

Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan bambanci da kyau, domin yana ko'ina a kimiyya. Akwai inda jeri shi ne ma'ana. Haruffan "rami" su ne haruffan "mari", amma kowa ya san ba abu ɗaya ba ne. A cikin ƙwayar gado ta DNA, haruffa uku ATG suna nufin sinadarin metiyonin, idan aka juya su suka zama GTA kuwa sai su nufi balin. Akwai kuma inda jeri ba ya ƙara komai. Mai rukunin jini AS, ko an rubuta SA, mutum ɗaya ne mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya, ko daga uwa ya samo ta ko daga uba. Abin sha'awa shi ne juyayyiyar tambaya ta haɗa duka biyun. A cikin tambayar, jerin lambobi huɗu shi ne komai, domin 25.2.0.192 da 192.0.2.25 wurare biyu ne daban. A cikin amsar kuwa, sunayen dami ne kawai.

ABUBUWAN DA KE SAUYA JERI

Tun da ƙa'ida ta sakar wa na'urori mara, sai masu rubuta manhaja suka yi amfani da wannan dama. Manhajar magatakarda da ta fi shahara ita ce BIND, wadda aka fara rubutawa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a shekarun 1980. A shekarun 1990, da shafukan intanet suka fara samun cunkoso, sai aka ga cewa idan suna ɗaya yana da na'urori uku, kuma kowane mai tambaya lambar farko yake dosa, to na'ura ɗaya za ta sha wahala sauran suna zaune. Maganin shi ne karɓa-karɓa, kamar kwasar adashi: wanda ya zo farko a wannan amsa sai ya koma ƙarshe a ta gaba. Takardar RFC 1794 ta watan Afrilu na 1995 ta tattauna wannan dabara ta raba nauyi. Don bayanan A aka yi ta, amma manhajar da ke jujjuya dami ba lalle ne ta ware PTR ba. A BIND akwai umarni mai suna rrset-order, wanda mai kula da na'ura zai iya zaɓar karɓa-karɓa da shi, ko kuwa cakuɗawa irin ta ƙuri'a.

Ko da magatakarda bai taɓa jerin ba, amsar ba daga gare shi take isa ga mai tambaya kai tsaye ba. Sai ta bi ta hannun 'yar aike, ita kuwa takan ajiye kwafin damin har zuwa ƙarewar wa'adinsa, don kada ta riƙa komawa kullum. Duk wanda ya tambaye ta a cikin wannan wa'adi daga ajiyarta take ba shi, kuma tana da ikon jujjuya damin yadda aka tsara ta. Wata tana jujjuyawa a kowace amsa, wata tana barin jerin yadda ya zo mata. Saboda haka mutum biyu a gari ɗaya, masu amfani da kamfanonin sadarwa daban-daban, za su iya yin tambaya ɗaya a minti ɗaya su ga jeri biyu, kuma dukansu daidai ne.

Ga ɗan lissafi. Sunaye uku ana iya jera su ta hanyoyi 3 × 2 × 1, wato 6. Sunaye huɗu hanyoyi 24, biyar kuwa 120. Karɓa-karɓa tana fito da jeri 3 ne kawai daga cikin 6 ɗin, cakuɗawa kuwa tana iya fito da kowanne. Amma ta kowace hanya aka bi, rabon kowane suna na zuwa farko ɗaya ne cikin uku.

INDA MATSALA TAKE

Da a ce kowace manhaja tana karanta damin duka, da babu abin damuwa. Sai dai umarnin da manhajoji da yawa suke amfani da shi wajen juyayyiyar tambaya, mai suna getnameinfo, suna ɗaya kawai yake miƙa wa manhajar da ta kira shi, galibi wanda ya zo a farko. Sauran sai su salwanta a hanya.

Wurin da abin ya fi ciwo shi ne wasiƙun imel. Yayin da wata na'ura ta zo isar da wasiƙa, mai karɓa yakan so ya san ko wace ce, saboda yawan saƙonnin banza da na 'yan damfara. Sai ya yi juyayyiyar tambaya ya sami suna. To, amma mai lamba yana iya rubuta kowane suna ya ga dama a bayanin PTR, har da sunan banki ko na jami'ar da ba shi da alaƙa da ita. Don haka sai mai karɓa ya ɗauki sunan da aka ba shi ya sake tambaya: wace lamba ce ta wannan suna? Idan amsar ta dawo kan lambar da aka fara da ita, shaidu biyu sun dace ke nan, na mai lamba da na mai suna. Idan ba ta dawo ba, wasu na'urorin sukan ƙi karɓar wasiƙar, wasu su jefa ta cikin kwandon saƙonnin banza. Tun daga watan Fabrairu na 2024 kamfanin Google ya shardanta wa masu aika wasiƙa zuwa Gmail cewa rajistocin nan biyu su kasance sun dace.

A koma ga makarantar da aka ƙaddara. Bayan shekara guda sai aka mayar da shafin makaranta kan wata na'ura mai lamba 198.51.100.7, aka gyara bayanin A. Aka kuma daina aikin laburare a intanet, aka goge sunansa. Amma ba wanda ya tuna ya sanar da kamfanin sadarwa, saboda haka bayanan PTR uku suna nan yadda suke. Yanzu idan shugaban makaranta ya aika wasiƙa, ɗayan abu uku ne zai faru a wurin mai karɓar da ke duba sunan farko kawai. Idan "wasiku" ya zo farko, shaidu sun dace, wasiƙa ta shiga. Idan "shafi" ne, lambar da za ta dawo 198.51.100.7 ce, ba ta dace ba. Idan "laburare" ne, babu ma amsa. Idan jerin yana sauyawa a kowace tambaya, to cikin wasiƙu 90 kimanin 30 ne za su shiga, kimanin 60 kuwa a mayar da su. A cikinsu ana iya samun takardar shaidar da wani ɗalibi yake jira don neman gurbin karatu, wadda ke da ranar rufewa.

Muguntar irin wannan matsala ita ce ba kullum take bayyana ba. Mai kula da na'ura zai gwada sau ɗaya ya ga wasiƙa ta tafi, ya ce lafiya lau, gobe kuma a kawo masa ƙara. Haka nan littafin da na'ura ke rubuta sunayen baƙin da suka ziyarce ta yana iya nuna baƙo ɗaya da sunaye uku, mai bincike ya zaci mutum uku ne.

Akwai kuma matsalar girma. Ƙa'idar 1987 ta iyakance amsa ta hanyar gaggawa, wato UDP, ga bayit 512. Na'urar da ke ɗauke da shafuka masu yawa, idan aka rubuta wa kowanne PTR, damin zai fi ƙarfin wannan ma'auni, sai a yanke amsar a sa mata alama, mai tambaya ya sake nema ta hanyar TCP mai ɗaukar lokaci. A 1999 an ƙara faɗin ma'aunin da tsarin EDNS, amma duk da haka dami mai nauyi wahala ne ga kowa.

INDA AKE BUƘATAR FIFIKO

Masu tsara DNS sun san akwai wuraren da dole a san na gaba, kuma yadda suka yi da su darasi ne. Bayanin MX, wanda ke nuna na'urar da za a kai wa wasiƙun wani yanki, yana ɗauke da lambar fifiko a jikinsa. Idan ɗaya yana da 10, ɗaya kuma 20, mai 10 za a fara gwadawa ko da a ƙarshen amsa ya zo. Wato fifikon a rubuce yake a cikin bayanin, bai dogara ga wurin zama ba. Bayanin PTR ba shi da irin wannan lamba.

Misali na biyu shi ne tsarin DNSSEC, wanda ke sa wa amsoshi hatimin lissafi don kada a yi jabunsu. Hatimin a kan damin duka ake buga shi, kuma ko harafi ɗaya ya sauya wuri lissafin zai rushe. Saboda haka takardar RFC 4034 ta 2005 ta tsara cewa mai buga hatimi da mai duba shi, kowannensu ya fara jera bayanan da kansa bisa ƙa'ida ɗaya, daga ƙarami zuwa babba, sa'an nan ya yi lissafi. Wannan ya nuna cewa mai buƙatar jeri shi zai jera wa kansa, kada ya dogara da yadda hanya ta kawo masa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga mai kula da na'urar makaranta ko ta ofis, hanya mafi aminci ita ce ya ba kowace lamba bayanin PTR ɗaya, mai ɗauke da ainihin sunan na'urar, ya kuma tabbata bayanin A na wannan suna yana komawa kan lambar. Sauran sunaye suna iya nuna lambar ta bayanin A ko nawa ne, wannan ba ya ɓata komai. Idan na'urar tana aika wasiƙa, sunan da take gabatar da kanta da shi ya zama shi ne na PTR. Duk ranar da aka sauya na'ura ko kamfanin sadarwa, a duba rajistocin biyu tare. Idan kuwa akwai dalilin da ya tilasta sunaye da yawa, to kowannensu ya zama zai ci jarrabawar shaidu biyu, ta yadda duk wanda ya zo farko ba laifi. Ga ɗalibin da zai zama mai rubuta manhaja kuwa, ya karanta damin duka, ya gwada kowane suna, kada ya ɗauki na farko a matsayin shugaba.

AIKIN AJI

Na ɗaya, ba ya buƙatar kwamfuta. Malami ya rubuta sunaye uku na misalin da ya gabata a ƙananan takardu, ya naɗe su ya zuba a ƙwarya. Ɗalibi ya girgiza, ya zaro ɗaya, a rubuta a allo, a mayar da ita. A yi haka sau 30. A ƙidaya sau nawa "wasiku" ya fito, a kwatanta da 10 da lissafi ya nuna. Kowane rukuni zai sami adadi dabam, amma idan aka haɗa sakamakon ajin duka za a ga ya matso kusa da kashi ɗaya cikin uku. Malami ya jawo hankalin ɗalibai ga abin da zaro na farko kaɗai zai sa mutum ya zata. Wannan ita ce ƙa'idar da ake bi wajen ƙidayar ƙuduji a gonar dawa: ba a auna taku ɗaya a ce an san gona, sai an auna wurare da yawa.

Na biyu, inda akwai kwamfuta mai intanet. A buɗe wurin rubuta umarni a rubuta nslookup 8.8.4.4, a lura da sunan da ya dawo. Sa'an nan a rubuta nslookup dns.google, a duba ko 8.8.4.4 yana cikin lambobin da suka dawo. A maimaita umarni na biyu sau goma, a kwamfutoci daban-daban idan da hali, a rubuta lambar da ta zo farko a kowane karo.

TAMBAYOYI

1. Juya adireshin 198.51.100.7 zuwa sunan da ake amfani da shi a juyayyiyar tambaya.
2. Ta hanyoyi nawa za a iya jera sunaye shida?
3. Wata lamba tana da bayanan PTR huɗu, biyu ne kawai suke komawa kanta. Cikin wasiƙu 200, kimanin nawa za su shiga wurin mai karɓar da ke duba sunan farko kawai, idan jerin yana sauyawa a kowace tambaya?
4. Bayyana bambancin da ke tsakanin dokar fifiko ta sunayen tsirrai da ƙa'idar dami ta DNS.
5. Kawo misalai biyu daga darasin ilmin halittu inda jeri yake da ma'ana, da biyu inda ba shi da ita.

KAMMALAWA

Wannan darasi ya nuna cewa juyayyiyar tambaya tana neman suna ne daga lamba ta yankin in-addr.arpa, cewa lamba ɗaya tana iya samun sunaye da yawa, kuma cewa tun 1987 ƙa'ida ba ta ba jerin waɗannan sunaye wata ma'ana ba. Magatakarda yana iya sauya jerin, 'yar aike ma tana iyawa, manhajar da ta dogara da sunan farko kuwa sa'a take bi. Ana fatan malamai za su gwada ayyukan ajin da ɗalibansu, su kuma tambayi mai kula da na'urar makarantarsu sunaye nawa lambarta take amsawa.